Kuɗin sintiri da ƙofar da na yi wa 'yan sanda: ina neman shawara daga Madani

Baban Sumayya, Madani

Assalamu alaikum jama'a. Ku yi haƙuri zan ɗan ja magana. Abin ya kwana huɗu yana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma ba na so in kai shi majalisar ƙofar masallaci, don can kafin ka rufe baki magana ta riga ka zuwa gida.

Ni mai walda ne, sama da shekara 20 ina ƙona ido a kan ƙarfe a nan Madani, ƙasar Sudan. Ranar 18 ga Disamba 2023 da 'yan Da'am Sari', wato dakarun RSF masu yaƙi da soja, suka shigo gari, na kwashi iyalina muka yi Sinja da abin da hannu zai iya ɗauka. Ba mu gama hutawa ba, ƙarshen Yuni 2024 Sinja ma ta faɗi, muka sake ɗaure ƙunshi cikin damina, ta Dindir har Gadarif. Soja sun dawo Madani ranar 11 ga Janairu 2025, amma ban yi gaggawa ba, sai bayan ƙaramar Salla na zo ni kaɗai na duba gida. Bango da rufi na tarar. Ƙyauren waje babu, tagogi babu, wayoyin wuta an farfasa bango an zare su kamar yadda mahauci ke zare jijiya daga nama. Wanda ya yi, Allah ya sani. Gidan da ya yi sama da shekara ba mai shi, hannu nawa ne ya ratsa ta cikinsa?

Kunya nake ji in faɗa, amma tun da nake sana'ar nan ban taɓa samun aiki irin na yanzu ba. Duk wanda ya dawo, kafin katifa ƙofa yake nema.

To, da mutane suka fara taruwa, sata ba ta tsaya ba, sai dai ta sake salo. Ka ɗora farantin sola da la'asar, da asuba ka tarar da ƙusoshi. Injin ruwa in ba ka kwana da shi a ɗaka ba ka yi sallama da shi. Sai dattawa suka kafa lajna, wato kwamitin unguwa: liman, wani malamin makaranta, 'yan kasuwa biyu, da wasu. A daidai lokacin aka sake buɗe ɗan ƙaramin ofishin 'yan sanda da ke bakin unguwarmu. Na ce ofis ne don ban da wani sunan. Mutum biyar ne, teburi ɗaya mai ƙafa uku da aka tokare da bulo, babban littafi, da babur ɗaya da ba kullum yake da mai ba. Lajna ta yanke kowane gida ya riƙa ba da jine 5,000 na kuɗin Sudan a wata, rabi na 'yan sandan, don mai da abinci, rabi na samarin da za su riƙa sintirin dare, don shayi da batir da usur.

Ni ban tsaya a kuɗi ba. Ɗakin da suke tsare mutane, wanda ake ce wa harasa, ba shi da ƙofa, in sun kama mutum sai su zaunar da shi gindin dogon yaro ɗaya ya zauna gadinsa. Na tattara ragowar rodi na shagona, na ari janareta, kwana biyu ina aiki. Shugabansu, dattijo ne mai sanyin murya, Janabu muke ce masa kamar yadda aka saba, ya ce in bar 'yar kafa a tsakiya ta miƙa abinci. Da farantin da nake cin ful, dafaffen wakenmu, a ciki na auna faɗinta. Na sa sakata biyu, sama da ƙasa. Ranar da muka kafa ta har hoto aka ɗauka, ina tsaye ina washe baki.

Daren Alhamis da ya wuce, wajen ƙarfe biyu, usur ya tashe ni. Na fita da tocila na tarar samari sun ɗaure wani yaro a jikin turken wuta, kusa da gidan wani malami da har yau yana Masar bai dawo ba. Buhu na gefe, a ciki akwai wayar jan ƙarfe da aka ƙone robarta, ba ta fi kilo uku ba, da kan famfo guda biyu. Ana dukansa da tiyo. Babban ɗana, shekararsa 19, shi ke riƙe da fitila yana haska musu. Tambayoyi ake jefa masa da Larabci: ɗan gidan wa, wace ƙabila, ina lambar shaidarka ta ɗan ƙasa, wa ya aiko ka. Yana amsawa da Larabci yana rantsuwa. Sai tiyon ya same shi a kunne, ya ƙwala ihu: "Wayyo Inna, na mutu!"

Jama'a, wajen ya yi tsit. Unguwarmu fiye da rabi Hausawa ne. Wanda ke riƙe da tiyon ya sauke hannu, wani ya ce a kwance shi, wani ya tafi kawo ruwa. Ni ma, kada in yi wa kaina ƙarya, sai a lokacin ƙafata ta motsa. Kafin nan ina tsaye ina kallo.

Abin da ya hana ni barci ke nan. Da da wani harshe ya kira uwarsa fa?

Da safe aka kai shi ofishin. Bai wuce shekara 14 ba. Mutanensa daga wajen Rusairis suke, rikicin 2022 ya koro su, suna zaune a wani kango can ƙarshen gari. Na kai masa ful da burodi, na miƙa ta kafar nan da na auna da farantina. Kunnen yana zubar da ruwa. Yau kwanansa huɗu a ciki, ba a buɗe ƙara ba wai mai gidan yana Masar, ba a kai shi asibiti ba, ba a kuma sake shi ba wai samari za su ce an raina wahalarsu. Wanda yake sayen wayar a hannunsa kuwa kowa ya san shi, sikelinsa na rataye a fili, kuma yana cikin waɗanda ba sa fashin biyan kuɗin wata.

Tambayata: in ci gaba da biyan kuɗin nan? In cire ɗana daga sintirin, ko hakan guduwa ce? Kuma ku da kuka san doka, tsarewar nan tana bisa ƙa'ida? Ba na son faɗa da 'yan sandan, wallahi na ga halin da suke ciki, Janabu da kansa yake wanke kakinsa guda ɗaya ya zauna da jallabiya har ya bushe.

Ɗan Sintiri, Madani

Kawu, da girmamawa, amma ku dattawa kuna ba mu mamaki. Ni ba a unguwarku nake ba, amma wata shida ke nan ina fita sintiri, kwana uku a mako, da safe kuma in ja raksha, babur mai ƙafa uku, ido jajur. Babu mai biyanmu, shayin ma wani lokaci da kuɗinmu muke sayen sukari. Kuna cikin gidan sauro kuna barci, mu muna waje sauro na cinmu. Ran da aka yi sata ku ce ina samari, ran da aka kama ɓarawo ku ce mun cika mugunta. To yaya za mu yi?

Mun taɓa kama wani da injin ruwan wata tsohuwa, ba wanda ya taɓa shi ko da yatsa, muka kai shi gisim, ofishin 'yan sanda, lafiya lau. Kafin azahar na gan shi a kasuwa yana shan jabana, wato gahawa, har yana ɗaga mini hannu. Tsohuwar nan 'yarta ce ta aiko mata da kuɗin injin daga Jidda, aikatau take yi. In ba a ji a jiki ba, gobe ma za a dawo.

Na yarda duka a kunne kuskure ne, kuma yaro ne. Amma kada ka cire ɗanka. In duk masu hankali suka janye, waɗanda za su rage ba za ka so ka haɗu da su da dare ba. Kuma kada ka daina biya. Ran da babur ɗin nan ya daina tashi, usur kawai za mu busa mu kalli juna.

Tsohon Kaki, Kasala

Wa alaikumus salam Malam Baban Sumayya. Allah ya saka maka da alheri da ka faɗi naka laifin kafin na wasu. Na yi aikin ɗan sanda shekara 29 kafin in ajiye, rabinsu a kan teburin karɓar ƙara, don haka bari in fara da doka, sannan in faɗi ra'ayina, wanda ba lallai ya yi wa kowa daɗi ba.

Tsarewar ba ta bisa ƙa'ida. A dokar bin shari'ar laifuka ta 1991, ɗan sanda na iya riƙe mutum don bincike awa 24 ne kawai. In ana son ƙari sai wakilin niyaba, wato mai gabatar da ƙara, ya sabunta, shi ma bai wuce kwana uku. Bayan nan sai alƙali. Kuma duk wannan sai an buɗe balagi, wato ƙara, an rubuta a littafi. Mutumin da ke bayan sakata ba tare da sunansa a littafi ba, a idon doka ba tsararre ba ne, ɓataccen mutum ne. In wani abu ya same shi cikin dare, Allah ya kiyaye, Janabun naku ne zai fara amsa tambaya. Ka faɗa masa haka a keɓe, cikin ladabi. Ya sani sarai, kunyar samarin da ke ciyar da shi yake ji.

Na biyu, yaro ne. Dokar yara ta 2010 ta ce duk wanda bai kai 18 ba yaro ne, kuma sha'aninsa na sashen kare iyali da yara ne, ba a haɗa shi da manya a harasa. Na uku, kunnen. A cike masa Urnik 8, takardar da 'yan sanda ke bayarwa a kai wa likita ya rubuta raunin da ya gani. Na san abin da ya sa ba a so: takardar za ta nuna an doke shi, kuma wanda ya doka shi ma yana da tambayar da zai amsa. Doka ta yarda wanda ba ɗan sanda ba ya kama mutumin da ya tarar yana cikin aikata laifi irin sata, amma ya miƙa shi nan take. Ba ta ba kowa tiyo ba.

Mai sikeli kuma, sashe na 181 na dokar laifuka ta 1991 sunansa karɓar kayan sata. Yaro ba ya cin jan ƙarfe. Ran da sikeli ya sauka, rabin sintirinku ya zama zaman shan shayi.

Yanzu ra'ayina. Abin da kuke yi ba sabo ba ne a ƙasar nan. A farkon shekarun 1990 gwamnatin Inƙaz ta Umar al-Bashir ta kafa Shurɗa Sha'abiyya, 'yan sandan jama'a, daga baya aka cika unguwanni da ƙananan ofisoshin tsaro da ake kira Basɗul Amnish Shamil, kowanne da lajnarsa ta mutanen unguwa. Na yi aiki a irinsu. A farko sun yi amfani, don ba ɗan sandan da ya san lungu kamar wanda aka haifa a lungun. Amma sannu a hankali wasu 'yan lajnar suka zama kunnuwan jam'iyya, wasu suka mai da ofis wurin rama gayya: wanda ya hana ka auren 'yarsa ka ce a gidansa ana dafa giya. Ga kuma 'yan Nizamul Am, 'yan sandan kula da ɗa'a, suna bin mata masu shayi suna kwashe musu kujeru da butoci. Shi ya sa da gwamnatin Firaminista Hamdok ta soke dokar Nizamul Am a Nuwamba 2019 mata suka yi guɗa, shi ya sa kuma da aka sanar da kafa Shurɗa Mujtama'iyya, 'yan sandan al'umma, a Agusta 2022 mutane da yawa suka ce tsohuwar ce ta dawo da sabon mayafi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Ka ci gaba da taimaka musu, amma kada kuɗi ya shiga hannun ɗan sanda. Ku sayi man ku zuba a babur, ku rubuta lita nawa da rana. Ku kai abinci dafaffe. Ɗan sandan da ya karɓi tsabar kuɗi daga hannun mutum, ko waliyyi ne, ran da ɗan mutumin ya yi laifi sai alƙalaminsa ya yi nauyi. Na gani, kuma ba zan ce ni ban taɓa jin nauyin ba.

Ɗana mai raksha, na ji zafinka. Wanda kuka kai aka sake, ina kyautata zaton ba wanda ya tsaya ya buɗe ƙara ya sa hannu a matsayin shaida. Haka ake yi kullum: a kawo ɓarawo da ihu mutum talatin, in an ce wa zai ba da shaida sai kowa ya tuna yana da uzuri.

Abu Hafsa, Damazin

Ɗan'uwa, da na zo wajen "Wayyo Inna" sai na ajiye wayar na fita tsakar gida.

Ina nan Damazin a Yuli 2022. Maganar ta faro ne daga ƙasar noma da kuma neman da Hausawa suka yi a ba su sarautarsu a cikin tsarin idara ahaliyya, wato mulkin gargajiya, aka ƙi. Cikin 'yan kwanaki aka kashe sama da mutum 100 tsakanin Rusairis da Ganis da kewaye, a Oktoba kuma aka sake a Wad al-Mahi, wanda ya fi na farko muni. Mutanenmu suka watse Sinnar, Rabak, Madani, Gadarif. Iyayen yaron nan suna cikinsu. Ka lissafa: yana ɗan shekara 11 ya gudu daga wuta, ya iso Madani wata wutar ta tarar da shi. Makarantar da ya sani ita ce buhu.

Abin da nake so in faɗa maka shi ne yadda abin ya fara a lungunmu. Ba da bindiga ya fara ba. Da samari masu gora ya fara, suna gadin unguwa, kuma wallahi da niyya mai kyau. Namu suna bakin wannan titi, na maƙwabta suna bakin wancan. Kowa kare gidansu yake. Tambayar farko a kowane shinge ita ce wadda aka yi wa yaronku: kai ɗan wace ƙabila ne? Akwai wani mai gyaran keke, ba Bahaushe ba, shekara 15 muna gaisawa, matarsa ce ta karɓi haihuwar 'yata ta biyu. A makon da abin ya faru sai da ya zamana ba ya iya ratsa lungunmu, ni ma ba na iya ratsa nasu. Ba wanda ya yi wa wani komai tsakaninmu. Gorar samari ce ta raba.

Yanzu tun da yaƙin nan ya fara ana ta maganar baƙin fuskoki, wujuh gariba, a ga mutum a ce ba a san fuskarsa ba a tsare shi. Mu ne ya kamata mu fi kowa jin tsoron kalmar nan. Tun bayan da Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jawo jama'a har suka kafa Mayurno a bakin kogi kusa da Sinnar, sama da shekara ɗari ke nan, amma har gobe ɗan Bahaushe in ya je neman lambar ƙasa yakan sha tambayar da ba a yi wa wani. Sai ga 'ya'yanmu sun ɗaure yaro suna ce masa ina lambarka.

Ban ce a daina sintiri ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma ka ce fiye da rabin unguwarku Hausawa ne. Sauran fa, suna cikin sintirin? In ba sa ciki, ku je gida gida ku roƙe su. Kowane dare a gauraya, kada a bar 'yan gida ɗaya su fita tare. Kuma a hana tambayar ƙabila kwata-kwata. Me ke cikin buhun, daga ina ka ɗauko, shi ke nan.

Hajja Mai Takiyya, Gadarif

Maza kun yi ta magana, doka, tarihi, duk mun ji, Allah ya ƙara ilimi. Ni tambaya ɗaya gare ni: uwar yaron ta san inda yake? Kwana huɗu. Baban Sumayya, ka kai masa ful, madalla, amma ka taka ka je kangon? Mace na can tana zagaya asibiti da bakin kogi tana duba gawa.

Na yi shekara ɗaya da rabi ina dafa adas da balila a takiyya, ɗakin girkin sadaka, lokacin da mutanen Madani da Sinja suka cika mana makarantu. Wataƙila kai ma ka ci daga tukunyata. Abin da na koya a kan kuɗin jama'a shi ne, duk kuɗin da ba a karanta lissafinsa da babbar murya ba, ƙafa gare shi. Mu kowace Juma'a bayan la'asar wata yarinya 'yar jami'a takan tsaya ta karanta: an turo kaza ta Bankak, manhajar banki ta waya, an sayi buhu kaza, gawayi kaza, saura kaza. Har masu turo kuɗi daga Saudiyya sai an ɗauki hoton shafin an aika musu. Ku wa ke riƙe da 5,000 ɗinku? Asusun wa take shiga? Gida nawa ne ke biya? In ba ka sani ba, to ba taimakon 'yan sanda kake yi ba, sadaka kake yi wa wanda ba ka sani ba.

Kuma lajnarku ba mace ko ɗaya, na lura. Alhali mu ke gida da rana. Mu muka san wane yaro ne ke wucewa da buhu, wace karo, wato amalanke, ce ke tsayawa ƙofar kango da tsakar rana, wa ya sayi sabuwar waya ba ya aikin fari bare na baƙi. Lungunmu a nan ba mu da samarin sintiri, murfin tukunya gare mu. In wata ta ji motsi ta buga, ta kusa ta karɓa, kafin minti biyu lungu ya ɗauka kamar ana biki. Sau biyu ɓarawo na zubar da kaya ya haura katanga. Ba a kama shi ba, ba a kuma fasa wa ɗan kowa kunne ba.

Ɗanka kuwa kada ka yi masa faɗa a gaban mutane. Ka tafi da shi, shi zai riƙe kwanon abincin ya miƙa ta kafar da ka yi.

Baban Sumayya, Madani

Na gode ƙwarai, kowa da kowa. Hajja, maganarki ta dake ni fiye da tiyo. Ban je ba, ko tunanin bai zo mini ba. Jiya da asuba na aiki maiɗakina da ɗana suka nemo kangon. Uwar tana nan, agashe mijinta yake yi kafin ya rasu, ita kuma godogodo take sayarwa a bakin tasha. Ta zaci an tafi da shi ne gaba ɗaya, har ta fara karɓar gaisuwa a zuciyarta. Ɗana ya dawo bai ce uffan ba, bai kuma ci abincin rana ba.

Baba Tsohon Kaki, na bi shawararka. Na ɗauki liman da malamin makaranta muka sami Janabu shi kaɗai bayan azahar. Ban ambaci sashe ko lamba ba, na dai ce ina tsoron kada yaron ya kwana ya ƙi tashi, alhali sunansa ba ya littafi. Ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce tun ranar Asabar yake jiran wani daga cikinmu ya zo ya faɗi haka. Ya rubuta takardar asibitin da hannunsa. An damƙa yaron hannun uwarsa, liman ya tsaya masa, buhun yana ofis har mai gidan ya dawo ko ya wakilta wani.

Taron lajna da daddare bai yi daɗi ba. Maganar mai a zuba a babur maimakon kuɗi ta wuce, maganar karanta lissafi ranar Juma'a ma ta wuce, ko da yake mai riƙe da kuɗin ya ɓata rai ya ce ana zarginsa. Da aka ƙirga, gida 140 ne a rubuce, masu biya ba su kai 60 ba, ni duk zatona kowa na biya. Maganar shigo da mata an ce sai an yi shawara, kun san ma'anar wannan. Maganar hana tiyo samari suka tashi tsaye, biyu suka ajiye usur ɗinsu suka fita, ɗaya daga cikinsu ɗan ƙanwata ne. Abu Hafsa, na kawo taka ta gaurayawa, wani maƙwabcina ɗan Shandi ya ce shekara nawa yana jiran a gayyace shi, ya kawo 'ya'yansa biyu nan take.

Mai sikeli yana zaune a sahun gaba har aka tashi. Da na ce a daina sayen waya a hannun yara, ban kira suna ba, sai ya yi gyaran murya ya ce gaskiya ne, zamani ya lalace, kuma daga wannan wata shi zai riƙa ba da 20,000. Aka yi masa kabbara. Na duba fuskar malamin makaranta, shi ma ya duba tawa.

Ɗana ya ce zai ci gaba da fita, ban hana shi ba. Na biya kuɗin wannan wata.

Da zan baro ofishin Janabu ya biyo ni har gindin dogon yaro, ya ce akwai wani ɗan ɗaki a baya da suke ajiye tarkace, in za a sami ƙofa sai ya zama na yara da mata, kada a sake haɗa su da manya. Na ce zan zo in auna. Rodin da ya rage mini zai isa. Tun safe abin awon yana aljihuna, na wuce ta gaban ofishin sau biyu ban shiga ba.

Wani abu kuma: likitan da ya duba yaron ya ce dodon kunnen ya fashe, sai an ga likitan kunne. In akwai wanda ya san wanda ya dawo aiki a Madani ko Sinnar, ya taimaka ya sanar da ni, don uwar ba ta da kuɗin motar Gadarif.